Yayana Attahir, da jirgi ya faɗi da shi

Bana shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar yayana Attahir. Na girme shi yanzu nesa ba kusa ba, har na yi jikoki, shi kuwa yana nan a saurayinsa. Na daɗe ban yi maganarsa a bainar jama'a ba, don a gidanmu mun saba da ambaton sunansa da murya ƙasa-ƙasa.

A Arlit muka tashi. Babanmu mutumin Tahoua ne, yana tuƙa motar da ke kai ma'aikata ramin uraniyom, Inna kuma 'yar duwatsun Ayar ce, Hausarta ma a kasuwa ta koye ta. Da farashin uraniyom ya faɗi aka rage ma'aikata, har da Baba. Sai fari ya biyo baya. Dangin Inna suka sauko daga daji babu ko akuya, suka kafa rumfunan kwali da tsohon kwano a bayan gidanmu. Tukunya ɗaya ce, bakuna suka yi yawa.

Attahir a lokacin yana koyon gyaran kamiyo, manyan motocin kaya, a gareji. Ya yi lakol, wato boko, yana jin Faransanci, kuma yana da kunnen inji: mota na wucewa zai gaya maka abin da ke damunta. Wata safiya ya hau bayan kamiyo tare da samarin unguwa suka nufi Libiya. Inna ta ƙulla masa dabino da cuku a gefen rawani, ba ta yi kuka ba sai da motar ta ɓace.

Can aka ce musu duk wanda ya shiga soja za a ba shi takardun zama. Ya shiga. Da aka ga ya iya inji aka kai shi filin jirage, daga nan aka sa shi cikin ma'aikatan wani babban jirgi mai ɗaukar bama-bamai zuwa fagen yaƙin da ake yi a arewacin Cadi. Mu a gida ba mu san wannan ba. Abin da muka sani, buhun shinkafa da shayi suna isowa ta hannun direbobi, kuma maƙwabta na cewa Inna ta haifi ɗa.

Sau ɗaya ya dawo ganin gida. Ya rame, amma ya zo da rediyo da turamen zane, kowa na murna. Ran nan da tsakar rana muna zaune ni da shi a inuwar katanga yana dafa shayi, sai aka fasa dutse a ramin ma'adinai, ƙarar da mu 'yan Arlit ko waiwayawa ba ma yi. Kafin in ɗaga kai Attahir ya kife a ƙasa, ya rufe kansa da hannuwa, butar shayin ta zube a kan garwashi. Da ya tashi ya ɗauke butar daga kan garwashin.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Kada ki gaya wa Inna." Sannan ya ce, "Hadiza, a jirgin yaƙi nake aiki, duk tashin da muka yi ina jin tsoro. Daga ƙasa suna harbo mu, kana jin ƙarfen jirgin yana kaɗawa, ba wurin gudu. Kuma in na leƙa ƙasa, rijiya nake gani da raƙuma, kamar wajen su Kaka."

Na ce to ya zauna mana, kada ya koma. Ya dubi rumfunan da ke bayan gida, inda yaran dangi ke jiran a sauke tukunya, ya ce, "In na zauna, wa zai ciyar da waɗannan?" Bayan 'yan kwanaki ya tafi.

Labarin ya zo mana ta bakin wani direba ɗan Agadez. Ya yi sallama, ya ƙi zama, ya ce wa Baba an harbo jirgin su Attahir kuma ba wanda ya fita. Babu gawa, babu kaya. Liman ya yi masa sallar jana'iza a masallacin unguwa, sahu ya cika, gabansu fili.

Na zaci tsoron ya ƙare ke nan, ashe somawa ya yi. Da tawaye ya ɓarke a arewa, duk gidan da ɗansu ya taɓa zuwa Libiya ya zama abin zargi. Sojoji na tare hanyar Agadez, suna bin gidaje. Hotonsa ɗaya ne muke da shi, yana sanye da kayan sojan sama a gefen jirgi. Ranar da muka ji an shiga layinmu, Inna ta zare shi daga ƙarƙashin tabarma ta tura cikin murhu da hannunta. Ina tsaye ina kallo fuskar ta naɗe. Masu binciken suka shigo, ɗayansu ya tambayi Baba ina ɗansa da ya tafi arewa. Baba ya ce ya rasu. Mutumin ya ce, "Nuna mini kabarinsa." Suka tafi da Baba. Ya dawo bayan kwanaki, bai taɓa faɗa mana abin da ya gani ba, kuma daga ranar bai ƙara kiran sunan Attahir ba har ya koma ga Allah.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Arlit ta yau. An rufe ramin uraniyom na Akokan da ke kusa da mu, gidajen ma'aikata sun zama kango, samari sun koma kabu-kabu ko haƙar zinariya a hamada. Na ji ana maganar jiragen yaƙi da ke tashi ba kowa a cikinsu. Wataƙila ya ce gara haka, ba ɗan wata da zai ƙone a sama. Wataƙila kuma ya ce abin ya fi muni, tunda babu wanda zai leƙa ƙasa ya ga raƙuma ya tuna da danginsa. Ban san wanne zai zaɓa ba.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne. Fuskarsa ta fara ɓace mini, muryarsa ce kawai nake riƙe da ita. Sai kuma ɗana na fari da na sa wa sunansa, muke ce masa Kawu. Shi ma a Akokan yake aiki har aka rufe. Bara ya zo ya durƙusa ya ce zai tafi arewa neman abin yi. Na zaunar da shi, na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa Inna ba, na kifewar kawunsa a ƙasa da abin da ya faɗa mini. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Umma, na ji. To yarana fa?"

Ya tafi. Yana bugo waya duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tun daga safiyar ranar wayar tana hannuna, ba na ajiye ta ko zan yi alwala sai dai in ɗora ta inda idona ke kai. Allah ya jiƙan Attahir, ya dawo mini da wannan.