Ramatu Tela da Kafar Allura

A Kusfa babu wanda bai san Ramatu Tela ba. Tun tana amarya mijinta ya saya mata baƙin keken ɗinki na ƙafa, ta kafa shi a rumfar ƙofar ɗakinta, daga nan ta tufatar da rabin matan unguwa. A kan keken nan ƙanwarta Radiya ta koyi ɗinki, tana ɓata yadi Ramatu tana warwarewa.

Sai sanyin ƙashi ya shiga hannun Ramatu. Gaɓɓan yatsunta suka kumbura, manuniya ta karkace. Taka keke ba ya gagararta, yanka ma tana lallaɓawa. Zura zare a kafar allura ne ya zama yaƙi. Takan tsotsi bakin zaren, ta murza, ta kai shi daidai kafar, sai yatsun su ƙi riƙewa. Da zare ya tsinke, aiki ya tsaya ke nan. Masu kawo ɗinki suka fara raguwa, ita kuwa ta san inda suke zuwa: shagon Radiya a Ƙofar Kibo, mai kekunan lantarki.

Duk wannan ta haɗiye, har bikin autarta Ibtisam ya matso. Ramatu ta share keke, ta ɗiga masa mai, tana jiran a kawo mata kayan lefe. Shiru. Da ta tambaya, Ibtisam ta sunkuyar da kai.

"Inna, na kai wa Anti Radiya. Don kada hannunki ya wahala."

"Hannuna ne ya kawo miki ƙara?"

Washegari Ramatu ta yafa mayafi ta nufi Ƙofar Kibo, wai gaisuwa. Ta tarar da rigunan 'yarta a rataye. Ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana juya cikinsu, tana jan ɗinkin hammata, ko Allah zai sa ta ga inda ya karkace. Ba ta samu ba. Ana cikin haka zaren Radiya ya tsinke. Tana ba da labarin tsadar leshi, idonta na kan yayarta, ta zura zaren ta ci gaba da ɗinki. Ramatu ta ja hannuwanta cikin mayafi.

"Wuyan nan ya yi faɗi," in ji ta. "Ba haka na koya miki ba."

"Haka ake yayi yanzu, Yaya."

Da za ta tafi, Radiya ta miƙo mata wani ɗan falle na ƙarfe mai siririyar waya a baki. "Ki tura wayar cikin kafar allura, ki sa zare a cikinta, ki jawo. Ba sai kin matse yatsa ba."

"Kin mayar da ni musaka ke nan?"

"Wallahi ba haka nake nufi ba, Yaya."

Ramatu ta fice ba sallama. Sai da ta isa gida ta ga abin a cikin ledar goron da Radiya ta ba ta. Ta wurga shi bayan kwalla.

Ana saura 'yan kwanaki biki, da hantsi, gida ba kowa, ta lalubo shi. Wayar ta shige, zaren ya biyo ta. Ta zauna tana kallon allurar, haushi ya hana ta murna, don dai daga hannun Radiya abin ya fito. Duk da haka ta ciro wata atamfa da ta daɗe tana ajiya, ta yanka wa Ibtisam riga da zani, ɗinkin da, mai ɗan ƙaramin wuya.

Ranar kamu amarya ta fito cikin ɗinkin Radiya. Mata suka yi ta shafa rigar suna tambayar inda shagon yake. Ramatu na gefe tana cewa, "Ai ni na koya mata." Guɗa ta danne muryarta.

Rigar da Ramatu ta ɗinka kuwa sai da aka kai amarya Ƙofar Galadima ta ga rana. Ibtisam ta mayar da ita ta zaman gida, da ita take girki, har ta koɗe.

Ramatu na nan tana ɗinki jefi-jefi, yawanci kayan jikoki da facin zannuwan maƙwabta. Radiya ta taɓa tambayarta ko abin nan ya yi amfani.

"Wane abu?" in ji Ramatu. "Ai tuni ya ɓata."