Tocilar Kyauta Mai Fara

A wani ƙauye kusa da Guci, in aka ce Kyauta, to mai fara ake nufi. Tun tana amarya take fita kamun fara da asubahin hunturu, lokacin da sanyi ya daskarar da su a jikin sabara da karan gero. Ta dafa, ta shanya, ta soya da yaji ta kai kasuwa. Da wannan take ciyar da gidanta duk shekarar da gero ya gaza, kuma bana ya gaza ƙwarai.

Tocila kuwa ta san ta kamar yunwar cikinta. Ta dā mai jan haske ba ta kewarta ko kaɗan, don a ƙarƙashinta fara da kara duk launinsu ɗaya. Mai tsinin haske, wadda ke harba shi can nesa, ta ce wannan ta mai gadi ce. Tata ita ce mai farin haske mai faɗi, wadda za ta ɗaure a goshi da ɗankwali, haske ya baje a gabanta kamar faifai. Kunama ba ta taɓa harbinta ba, har mata na raɗa cewa tana da magani. Ita kuma sai ta yi murmushi, don a ranta ta ɗauka kaifin idonta ne.

Da tocilarta ta fara rauni, ta aiki ɗan wanta Rabilu kasuwar Magariya. Bawan Allah ya zaɓo mai kyan jiki, bai ko gwada ba. Aka kunna, sai ga wani haske shuɗi mai duhu kamar ruwan baba, ko tafin hannu ba ya nunawa sosai. Surukarta Zulai, matar ɗanta, ta yi dariya har da hawaye.

Kyauta ba ta zubar da abin da aka saya. Washegari ta fita da ita, ta haska gindin sabarar da ta saba farawa da ita. Wani abu ya ɗauki haske, kore shar, kamar an kunna shi daga ciki. Ta duƙa, ashe kunama ce. Ta ɗaga hannu ta zagaya da hasken, sai ga su nan a gindin kara, a bakin rami, a kan turbar da take bi da silifa, kowacce tana ƙyalli. Ba ta taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro haka ba. Ta koma gida da buhu wayam.

Ta yi kwanaki ba ta fita ba, tukunya kuma ba ta san tsoro ba. Da Zulai ta gaya mata tsabar da ta rage ba za ta kai Juma'a ba, sai ta tashi da asuba ta ɗaure tsohuwar tocilarta mai farin haske a goshi, ta miƙa wa Zulai shuɗiyar, ta ce ta wuce gaba tana haska ƙasa.

A gindin sabara Zulai ta ƙame.

"Inna, a cikin waɗannan kike sa hannu duk shekarun nan? To ki ba ni maganin."

Kyauta ta daɗe tana kallon ƙyallin, ta share ido da bakin zane.

"Ba ni da magani, 'yar nan. Ni ma ban san ana tsare ni ba. Matsa da hasken can, fara na jira."