Malam Salmanu, Mai Raka 'Ya'yan Mutane Gida

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha biyu ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Malam Salmanu Nagoda a gidansa da ke Tudun Wada, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. An yi jana'izarsa bayan azahar.

Malam, tun ranar nake ɗaukar biro ina ajiyewa. Na gaji, kuma ba gajiyar aiki kaɗai ba ce. Ni ce Rauda, wadda ka karɓa a sashen tsaro na jami'a ina sabuwar ma'aikaciya, ka sa ni cikin masu rakiya. Aikinmu shi ne, duk ɗalibin da ya tashi daga aji ko laburare bayan isha'i yana tsoron hanya, ya kira mu, mu kai shi har ƙofar masaukinsa. Da motar sashen ta tsufa ta daina tashi, wasunmu suka ce rakiya ta tsaya a bakin get, wato ƙofar jami'a. Kai kuwa sai ka ɗauki tocila ka ci gaba a ƙafa, Gyallesu, Tudun Jukun, lungunan Tudun Wada. Ba ka tilasta wa kowa ba. Kunya ce ta sa muka bi bayanka.

Ba zan manta da Somkene ba, 'yar Ikechukwu mai sayar da kayan gyaran mota. Wani mutum da ta ƙi kulawa ya riƙa bin ta a babur duk inda ta nufa, har ta yanke shawarar barin karatu. Ta zo ofis tana kuka. Ka ce mata, "'Yata, ke dai yi karatunki. Hanya kuwa ki bar mini." Wani dare kana raka ta, mutumin ya nufo ta a guje. Ka ture ta gefe, babur ya kwashe ka. Mutanen unguwa suka kama shi suka miƙa wa 'yan sanda, kai kuma ka kwanta wajen mai ɗori, ka tashi da ɗingishi. Da ɗingishin ka ci gaba da raka ta har ta kammala. Yanzu lauya ce. Jiya ta zo gaisuwa, ta yafa mayafi ta zauna cikin mata.

Ba kullum muke shiri da kai ba. Kana da faɗa, kuma ba ka jin magana. Na sha nuna maka kumburin ƙafarka ina cewa ka je asibiti, ka ce sai yara sun gama jarrabawa. Da an gama wata kuma sai wata ta zo.

Maiɗakinka, Inna Ishatu, ta ce mini har yanzu wayarka na ƙara, don ba duk ɗalibai suka ji labari ba. Shekaranjiya ta daure ta ɗauka, sai ta ji muryar yarinya: "Baba, ina bakin get." Babban ɗanka Zulkiflu ya karɓi wayar, ya ce wa yarinyar ta tsaya inda take, ya zura takalmi ya fita.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Ishatu da Zulkiflu da ƙannensa, da abokan aikinmu. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya yafe kurakuranka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Ka sha wahala. Allah Ya sa ka huta. Amin.