Ƙasa Sau Uku, Sannan Tsakiya

Shekarun baya na tafka wata wauta, kuma gara in faɗa da bakina kafin 'ya'yana su riga ni, don su sai sun ƙara wa labarin gishiri. Ni ne wawan. Ni ɗin nan, dattijo mai furfura, wanda ya yi aji huɗu na firamare a Gumel ya fito da ilimin da ya ishe shi karanta lambar mota.

Bayan rasuwar mai ɗakina gidan ya yi mini yawa. Ɗana yana Kano, 'yata tana aure a Kaduna. Sai ni da awaki biyu da inuwar darbejiya. Ran nan ɗana ya zo da wani baƙin akwati, girmansa bai fi burodi ba, ya ɗora a kan kabad, ya haɗa shi da na'urar intanet da sola. Ya ce, "Baba, wannan rumbu ne. Duk hotuna da bidiyon gidanmu suna ciki. Talabijin ɗinka zai riƙa ɗebowa, mu ma daga can muna iya zubawa mu ɗiba." Ya zuba mini wa'azi da kokawa. Na ce wa'azin ma ya ishe ni.

Ƙarya nake. Akwai wani bidiyo a ciki, minti huɗu, na marigayiyar tana zaune a tsakar gida tana tsince zoɓo, ranar da wani a cikin yaran yake gwada sabuwar waya. Shi kaɗai ne inda muryarta ta rage a duniya, don wayar da aka ɗauka da ita tuni ta faɗa randa. To mu mutanen da, namiji ba ya cewa yana kewar matarsa. Ko sunanta ban taɓa kira a gaban yara ba. Saboda haka kullum bayan la'asar sai in tura ƙofa, in ɗauki rimot. Ba na karanta sunayen da ke kan allon, rubutun ya yi mini ƙanana. Yatsana ne ya haddace hanya: ƙasa sau uku, sannan tsakiya. Sai ga ta.

Da Babbar Sallah 'yata ta zo da kwamfutarta, ta yini tana abin da ta kira gyaran rumbu, ta ƙara bidiyon jikoki. Ta tafi ranar Lahadi. Litinin na danna ƙasa sau uku, sannan tsakiya. Allo ya yi baƙi, ya rubuto Turanci. Na sa tabarau na bi shi harafi-harafi, abin da na fahimta shi ne talabijin yana cewa ba zai iya ba. Na koma jerin sunayen, na ga kowane da ɗigo da ɗan layi a gabansa, kamar ƙuda ya sauka ya yi kashi. Na gwada na farko, ya ƙi. Na biyu, na biyar, na shida, duk haka.

Shekara talatin na yi ina awon gero a kasuwa. In ka soka buhu sau uku ka ga ƙwari, ba sai ka zazzage shi ba, ka san abin da ke ƙasa. Da wannan babban ilimi na yanke hukunci cewa rumbun ya ruɓe gaba ɗaya. Ban ƙara gangarawa ba.

Na sauya batirin rimot. Na hure akwatin, na goge shi da gefen rawani. Na kashe na kunna har fitilarsa ta gaji da ni. La'asar ta riƙa zuwa tana wucewa, ina zaune a gaban baƙin allo, ba abin da nake gani a ciki sai wani tsoho riƙe da rimot. Mako biyu ke nan. Yaran suna kira kullum, "Baba, lafiya?" Ina cewa lafiya lau. In na ce akwati ya lalace, za su tambayi abin da nake nema a ciki.

Na kai kuka wurin abokina, tsohon direba da ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Damagaram. Na ce wa'azina ne ya ƙi fitowa. Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da kake gyangyaɗi a huɗuba, yau wa'azi ne ya rame da kai? To ba talabijin ɗin ba ne, akwatin ne. Kai shi Maigatari ran Alhamis, can ba wanda ya san ka."

Na cire wayoyin, na naɗe akwatin a tsohon zaninta, na sa a buhu, na rungume shi a mota kamar mai kai jinjiri asibiti. Mai gyaran wani magidanci ne a rumfar kwano kusa da tasha, ga hayaniyar shanu da manyan motoci. Da ƙyar ya samu wayar da ta dace ya haɗa da kwamfutarsa. Ya leƙa, ya taɓe baki.

"Alhaji, bairos ne. Ka ga sun hayayyafa. Wanke shi za a yi."

Na ce, "Wankewa da ruwa?"

"A'a, a share komai ya koma sabo. Ai ka ce wa'azi ne kawai a ciki ko? Ina da irinsa cike, sai in zuba maka wanda ya fi shi."

Yatsansa yana kan madanni, yana jiran in ce to. Mutum uku a kan benci suna kallona. Wallahi sai da bakina ya buɗe zai ce to, don kawai kada in faɗi gaskiya a gaban baƙi. Sai na ji hannuna ya riƙe nasa. Na ce, "Bari, malamin da ke ciki ba a samun irinsa." Na tattara akwatina na fito.

Washegari na mayar da wayoyin yadda na same su, na kira 'yata. Na fara da tambayar jikoki, na bi ta kan damina da farashin taki, sannan na ce, wai ni kam, talabijin ɗin nan yana ɗan gardama. Ta ce in kira ta ta bidiyo in juya wayar ta kalli allon. Tana gani ta kwashe da dariya.

"Baba, ba bidiyo ba ne waɗannan. Irin kwamfutata duk abin da ta taɓa sai ta ajiye masa 'yar takardar shaida a gefe, mai suna irin nasa. Ita tana ɓoye su, talabijin ɗinka ne bai san a ɓoye ba, ya jero su a sama. Na gaskiyan suna ƙasa. Danna ƙasa."

Na danna sau uku na tsaya.

"Ci gaba."

"Ai na soka buhun nan."

"Baba, ci gaba dai."

Na yi ta dannawa, allo ya juya shafi, ya sake juyawa. Sai ga sunaye tsaf babu ɗigo. Suna nan tun ranar farko. Daga baya yayanta ya share takardun daga can Kano, ya kuma saita akwatin yadda ba zai sake nuna su ba, aikin da bai kai shan shayi ba.

Har yau in na tuna yatsan mutumin nan a kan madanni sai in gode wa Allah. Kunya ado ce, haka aka koya mana, kuma ban ce ƙarya ba ne. Amma na kusa ba da muryar da ta zauna da ni shekara arba'in don mutum uku da ban san sunansu ba. Yanzu akwatin biyu ne, ɗaya a Kano. La'asar kuma tana nan yadda take, minti huɗu ba sa cika gida.

Saura ƙarshen kiran, wanda na so in tsallake. Da muka iso shafin, yatsana bai yi shawara da ni ba, ya ƙirga uku ya danna. Ga ta da faifan zoɓo a cinya, tana kore mai ɗaukar hoton da hannu. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙofar zaure ta ce, "Malam, shayinka fa zai huce."

Na ce, "Na'am, ga ni nan."

Na manta waya tana hannuna. 'Yata tana ji daga Kaduna. Na gyara murya irin ta manya, na ce, "Da ke nake."

Ta ja hanci, ta ce, "Baba, ni ban taɓa kiran ka Malam ba."