Yarinyar Da Na Yi Talla Da Hotonta

Duk abin da zan manta a sana'ata, ban da wata ranar Talata a shagona na Gwagwalada. An yi shekaru, amma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Kayan yara nake ɗinkawa, kuma a lokacin rabin cinikina ta waya yake zuwa. Ni kuwa Allah ya yi ni da son yabo. Da zarar mai saye ta turo hoton ɗanta sanye da ɗinkina, kafin ta ajiye waya na ɗora shi a shafina. Neman izini ko a raina, a ganina ma alfarma nake yi wa mutane.

Akwai wata malamar makaranta, shiru-shiru da ita, da na ɗinka wa 'yarta rigar ƙaramar Sallah ruwan ɗorawa. Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba. Uwar ta turo min hotonta tana dariya, haƙora huɗu a waje, ta cire takalmi ɗaya ta riƙe a hannu. Ina ɗora hoton nan oda ta fara shigowa ba ƙaƙƙautawa. Sai na biya kuɗi aka mayar da shi talla, irin wadda ke faɗo wa mutum a waya ko bai nema ba, na rubuta a ƙasa: "Ke fa, me 'yarki za ta sa da babbar Sallah?" Masu sarin kaya a wurina na Masaka da Abaji ma duk na tura musu, na ce kowa ta yi talla da shi. Da saƙonni suka yi min yawa, sai na saita wayar tana ba da amsa da kanta, ni kuma na duƙufa kan keken ɗinki.

Saura mako biyu babbar Sallah malamar ta shigo shagon da hantsi. Na ga ta rame, amma bakina ya riga hankalina.

"Maraba da maman oga! Ina 'yar tallata? Ai yarinyar nan ita ke ciyar da shagon nan."

Ta zauna a benci, ta gyara mayafi, sannan ta ce, "Anti, ta rasu. Yau kwana ashirin da uku. Zazzaɓi ne na kwana biyu."

Almakashin hannuna ya faɗi. Salati kawai nake maimaitawa, na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Ba rigima ta kawo ni ba. Hotunanta duk na ba babanta ya ɓoye, don ba na iya kallo. Amma duk sanda na buɗe waya sai ta faɗo min tana dariya, ana tambayata me 'yata za ta sa. Jiya a gaban ɗalibaina na ganta. Don Allah ki cire."

Na ce, "Wallahi malama ban sani ba. Me ya sa ba ki gaya min ba?"

Wayarta ta miƙo min. Sau uku ta rubuto wa shafina: "Allah ya yi wa yarinyar nan rasuwa, a taimaka a cire hotonta." Sau uku kuma, da sunan shagona, an mayar mata da amsa: "Mun gode da tuntuɓarmu! Shekarar 'yarki nawa, mu turo miki daidai da ita?" Har da alamar zuciya a ƙarshe. Ni na rubuta wannan amsar da hannuna, ina jin na waye.

Ban taɓa jin kunya da tsanar kaina irin ta ranar ba. A gabanta na tsayar da tallar. Na bi masu sarina a waya ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su cire. Wata ma cewa ta yi, "Haba madam, hoton da ke kawo kasuwa?" Sai da na daka mata tsawa. Malamar ta miƙe, ta yi min godiya, ta tafi. Godiyar nan ta fi zagi ciwo.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran magana. Bayan shekara biyu ina duba waya, sai ga yarinyar a shafin wani mai kaya da ban taɓa sani ba, da rigarta ruwan ɗorawa, da takalminta a hannu. Na roƙe shi ya cire, amma ban san a shafi nawa take ba, ban kuma san sau nawa ta sake faɗo wa uwarta ba.

Yanzu jikin 'yar tsana nake sa wa riga in ɗauki hoto, saƙo kuma da idona nake karantawa ko da zai kwana. Na koyi cewa hoton ɗan wani amana ce, ba kayan shagona ba, kuma ranar da ka sake shi ya fita hannunka har abada. Ni na ci ribar hoton nan na gama, ita kuwa har yau ba ta da tabbacin buɗe wayarta lafiya.