Kawu Sule da Furannin da Na Dafa da Sanyi

Kun dai san Kawu Sule bai taɓa shan ruwan firji ba. Ko a zafin Afrilu ka miƙa masa, sai ya ture kofin ya ce, "Abin da ke kashe fure, hanjina zai bari?"

Lili yake nomawa, farin furen nan mai ƙamshi, a lambunsa na hanyar Sandamu. A Daura fa! Masu coci da masu adon biki ke saya. Wani maƙwabcinsa ya taɓa tsokanarsa, "Malam Sule, wai ana cin abin nan?" Ya ce, "Kai ma ba a cinka, ga shi ana ajiye da kai."

Ni ke sayar da zoɓo, don haka a firjina yake ajiye furen in ya yanko. Wayyo, na sha fama! Sai ya naɗe su da tsohuwar jarida, ya sa can ƙasan firjin, ya ajiye ruwa a murfin kwalba kusa da su. In ruwan ya fara daskarewa, ranar ba zaman lafiya. "Hajara, sanyin randa suke so, ba na ƙanƙara ba!"

To, ana gobe auren 'yar Madam Ngozi, mai shagon kayan babur, ya kawo furen amarya ya tafi. Ni kuwa da iyayina, na ga gari ya yi zafi, na kwashe su na tura wajen ƙanƙara. Gari na wayewa, sun yi laushi sun koma ruwan ƙasa kamar dafaffen alayyafo, waɗanda ba su buɗe ba kuma sun mutu a rufe.

Kawu ya zo ɗauka, ya gan su. "Sannu, Hajara. Ke kaɗai na sani mai girki da sanyi."

Na fashe da kuka. Ya hau kekensa ya nufi lambu, ya yanke layin da yake tattali don iri, wanda ko hannu ba ya bari a kai masa. Ya isa coci a makare, Madam tana ta faɗa. Na bi shi har can, ina bayansa na ji ya ce, "Yi haƙuri Madam, tsufa ne. Ni na ɓata na farko."

Har ya rasu bai gaya wa kowa ba, ni ce yau na tona kaina. Allah ya jiƙan Kawu, ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini.