Tambayar da na kai wa Malam a Zakka

Ba mu tashi da asuba ba, don a hanyarmu yanzu, saboda 'yan bindiga, ba mai fita sai rana ta fito. Da hantsi muka bar Batsari ni da yayana, za ni ganawar neman aikin koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Zakka.

Mu huɗu a bayan mota, ga buhun gero bisa ƙafata. Direba ya ƙara kuɗin mota, wai mai ya tashi. Na miƙa kuɗin kawai, ni da ba a taɓa cuta ta na ƙyale ba. Dawa ta yi tsayi har bakin titi, kowa idonsa na kanta. Babur ya ɓullo, mota ta yi tsit; ashe mai kai nono ne.

Ni kuwa tambayoyina nake bita a zuci. Yara nawa ne a aji? Ina zan kwana? Wadda ta riƙe ajin kafin ni, me ya kore ta? Da na faɗa wa yayana, ya ce, "Ke, mai makarantar malami ne babba, sa'an Baba. In ya ce kina da tambaya, ki ce babu, Allah ya ƙara girma. Haka ake yi." Na ce to in na yi haka, wa zai kwana a can, ni ko kai?

A Safana muka sayi ƙosai, na kasa ci. Daga nan sai muka hau babur.

Malam ya karɓe mu a zaure. Gaisuwa har gwiwata ta yi tsami. Ya sa na karanta, na yi lissafi, ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "'Yata, akwai tambaya?" Yayana ya yi gyaran murya. Na tsallake biyun farko, na yi ta ukun.

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Ranar da aka shigo gari, a gonar dawa malamar ta kwana da yara biyu. Da safe ta tafi, ban ga laifinta ba. Aikin naki ne in kina so. Ki ba ni amsa ranar Juma'a."

Mun iso gida kafin La'asar. Abin da na koya: ki yi tambayar, amma ki shirya ɗaukar amsar. Inna na ta murna an ɗauke ni. Ban faɗa mata sauran ba, ga shi yau Laraba.